Ruwan da Aka Hana Ɗan Farina

Makon jiya, rana na tsaka, wasu mata huɗu suka yi sallama a gidanmu nan Wurno. Daga wani ƙauye can wajen Shinaka suka fito. 'Yan bindiga sun tashe su, sun yi kwanaki a Goronyo ba su sami wurin raɓawa ba, sai suka biyo mota suna neman wani ɗan'uwansu da aka ce yana unguwarmu. Kowace da goyo a baya ko yaro a hannu. Ni ban tsaya jin labari ba, bakin yaran nake kallo. Leɓunansu sun bushe sun yi fari, guda kuma yana kuka amma ko ɗigon hawaye babu a idonsa. Na ce da matar jikana ta kawo ruwa maza. Ta shiga ɗaki ta fito da ruwan leda guda huɗu a faranti, kowace mace ɗaya, kamar mai rabon goro. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun da aka kawo ta gidan nan. Na ce ta kinkimo jarkar duka, ta zo da kofuna da gishiri da sukari. Yarinyar kirki ce, ta yi abin da na ce. Da baƙin suka tafi ta zo ta durƙusa tana tambayar laifinta. Na ce ba ta da laifin komai. Kukan yaron nan ne marar hawaye ya mayar da ni wata rana da na daɗe ba na son tunawa.

Ni a bakin gulbi aka haife ni. Babanmu masunci ne, da rani kuma yakan yi lambun albasa da alkama a fadama. Abin da kunnena ya fara sani a duniya ƙarar ruwa ce. Tun asuba jigon ɗaga ruwa ke kuka, ya sunkuya ya miƙe, ya sunkuya ya miƙe, guga ta faɗa, ruwa ya bi lambatu yana shiga fangali bayan fangali. Mu 'yan mata mu gangara da tuluna, ki danna bakin tulu cikin gulbi ya yi ta ɓulɓul har ya cika, mu hauro a jere ruwa na zuba a wuyanmu. Yanzu injin ban ruwa ya haɗiye duk wannan, ƙara guda ce tun safe har yamma, ba ka jin muryar kowa. Innarmu tana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a ɓoye. Duk wanda ya kawo mata ƙarar ciwo, kafin ta nemi jiƙo ko sassaƙe sai ta tambaye shi, “Ka sha ruwa yau?” Ciwon kai ne, kasala ce, cikin yaro ne ya ɗaure kwana biyu bai fita ba, tambayar ke nan. Kuma sau da yawa moɗa biyu ce ke raba mutum da abin da ke damunsa. Mai jego ba ta ɗora jariri a nono sai an miƙa mata ruwa. Babanmu ba ya barin ɗan ƙwadago ya ɗauki fartanya sai ya ga gorarsa cike, yana cewa wanda bai sha ba kafin azahar hannunsa ke mutuwa, aikinsa kuma sai an sake.

Yau kuwa ina zaune a tsakar gida ina ganin samarinmu. Mutum ya wuni bisa babur tsakanin Achida da Wurno, abin da ya shiga cikinsa lemon kwalba guda da shayi. Bayan shekara biyu ya zo yana riƙe da ƙugu, a asibiti a ce tsakuwa ce a ƙodarsa. Manoma ma da suka san darajar gora sun rage ɗaukarta, sun ce in aka ji harbi ba a gudu da kaya. Su yi sauri su tafi, su yi sauri su dawo, baki a bushe. Ni kaina, da na je awon jini kwanan baya, malamar asibiti ta ce tsufa yana kashe jin ƙishirwa, kada in jira sai na ji, in riƙa duba fitsarina, in ya yi duhu to jiki ne ke roƙo. Na yi murmushi kawai. Ba ta san wadda take gaya wa ba.

Aure ya kai ni tudu, wani ƙaramin ƙauye ta wajen Rabah. Can na ga wata duniya daban. Rijiyarsu guda ce, mai zurfin da in ka saki dutse sai ka saurara kafin ka ji ya isa. Da bazara mata ke kwana layi, a raba ruwa da ƙwarya. Don haka mutanen garin suka saba da juriyar ƙishi, har suna yabon mai ita. Sun ce yawan shan ruwa na rago ne. Surukata, wadda nake kira Inna kamar yadda ɗanta ke kiranta, mace ce doguwa, marar yawan magana, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa yi mani murmushi ba. In ta shigo tsakar gida sai in miƙe in nemi aikin yi.

Na haifi ɗan fari namiji. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi yana kuka sai ki kau da kai har wani ya ɗauke shi. Yaran yanzu da ke ɗaukar hoto da 'ya'yansu suna sumbatarsu ba za su gane wannan ba. Da ya kusa shekara biyu aka ce lokacin yaye ya yi. A shekarar ni da maigidana muna fadamar Wurno, kawunsa ya ba shi fili yana noman albasa, muna zaune a bukka. Aka ɗauki yaron aka kai wa Inna can tudu, kamar yadda aka saba. Doka ce kada uwa ta leƙa har sai ya manta da nono. Na ga an ɗora shi a jaki, na juya ina kwashe toka a murhu kamar ba abin da ya dame ni.

Kwana tara da tafiyarsa, cikin tsakiyar bazara, maigida ya ɗora albasa a jakuna ya nufi Goronyo, ya ce sai bayan kwana biyu. Washegari da hantsi ina shara sai ga wata tsohuwa mai tallar daddawa, 'yar garin su Inna ce, takan zagayo fadama lokaci-lokaci. Muka gaisa, na ba ta ruwa, na sayi daddawa. Har ta ɗora ƙwaryarta a kai, sai ta tsaya tana kallona.

“Ke ko kin ji labarin ɗan yayen naku?”

Na sunkuyar da kai. Ba a tambayar uwa wannan, ba ta kuma amsawa.

Ta ce, “Yau kwana ukku cikinai ka gudu. Jiya da sahe na biya na gaishe su. Ba shi cin komi, sai kiran uwa shika yi, uwa, uwa. Tsohuwa ta ce kar a hwaɗa maki, rigimar yaye ta, tana wucewa. Ni dai ban hwaɗi ba, kin jiya?”

Ta tafi ta bar ni da tsintsiya a hannu. Abin da ita ba ta sani ba, yaron nan bai taɓa kirana uwa ba. Bakinsa bai iya faɗin ruwa ba, haka yake cewa in yana jin ƙishi, yana nuna tulu da yatsa. Na kuma san al'adar garin, na ji ta da kunnena a gidan suna: mai zawo ba a ba shi ruwa, wai shi ke ƙara gudun cikin. Kwana uku, a wannan zafi.

Ban san sa'ad da na yar da tsintsiya ba. Na ja mayafi, na saƙale ƙofar bukka, na kama hanya. Ni 'yar masunta, wadda aka raina da moɗa a hannu, na fita ko gora ban ɗauka ba.

Tafiyar rabin wuni ce ga mai ƙarfi in ya fita da asuba. Ni na fita rana ta riga ta ɗaga. Da na bar fadama na hau tudu sai iska ta ɗauke cif. Gonaki fayau, karan dawa an kwashe, ba inuwa sai ta aduwa nan da can, ita ma rabe-rabe. Yashi yana ƙona tafin ƙafata ta cikin takalmin fata. Da farko gumi ke zuba har yana shiga idona, ina sharewa da mayafi. Can sai na lura gumin ya tsaya. Yawu ya yi kauri, daga baya ya ƙafe, harshena ya zama kamar guntun fata a bakina. Kaina ya fara sarawa daga ƙeya. Ina tafe ina tsara abin da zan gaya wa Inna, sai in ji maganar ta watse, in sake ɗaukowa daga farko ta sake watsewa. Akwai inda hanya ta rabu biyu wajen wata tsamiya, wurin da na bi ya fi sau ashirin, amma ranar na tsaya ina kallonsa kamar baƙuwa. Na zaɓi guda na bi. Na ga wasu bukkoki suna rawa a gabana, na ji haushin kare, daga nan ƙasa ta taso ta same ni.

Na farfaɗo a inuwar wata bukkar Fulani, wata dattijuwa na shafa mani ruwa a wuya da fuska. Da na ga ƙwaryar a hannunta na kai mata wawura. Ta janye.

“A'a, yarinya. Kar ki kwankwaɗa, amai za ki yi. Kurɓi kaɗan ki tsaya.”

Ita ta riƙe ƙwaryar. Kurɓi guda, ta janye, ta ƙirga wani abu a ranta, ta sake miƙowa. Ruwan da ɗan gishiri-gishiri. Ban taɓa sanin mutum kan ji ruwa yana tafiya a jikinsa ba sai ranar. Idona ya washe, sarawar kan ta lafa, na tuna sunan garin da za ni.

Ta ce, “Ina za ki cikin wagga rana, ba gora ba komi?”

Na ce, “Goggo, yaron gidanmu na ba lahiya. Zawo, yau kwana ukku. Kuma garin ba su ba mai zawo ruwa.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta gane yaron gidanmu da nake nufi. Ta girgiza kai.

“Ni ban san na mutanen gari ba. Mu in ɗan maraƙi ya kama zawo, ba mu hana mai ruwa. Muna jiƙa gishiri kaɗan mu ɗura mai. Wanda ka sha shi ka tashi. Wanda yab bar sha shi ka mutuwa. Abin da yah hita jiki, shi za a mayar, ko ba haka ba?”

“In ya amayar hwa, Goggo?”

“Ki jira kamar tsawon tatsar saniya guda, ki koma ba shi, kaɗan-kaɗan, yadda niy yi maki. Ki dahwa ruwan, ki sa mai gari kaɗan shi samu abin riƙe ciki. Gishirin kar shi hi na hawaye.”

Ta cika mani 'yar gora, ta ƙulla gishiri a bakin mayafina, ta nuna mani inda na ɓata hanya. Ban tambayi sunanta ba. Yau babu rugar, babu mai bin wannan hanya da ƙafa ko da rana tsaka. Na sha tambayar kaina inda jikokinta suka ƙare.

Ana kiran azahar na shiga garin. A tsakar gidan Inna na tarar da mata uku na maƙwabta zaune a gindin rumbu. Suka ga ni ce, suka dubi juna, ba wadda ta yi mani sannu. Abin da na fara gani shi ne randar ɗakin Inna an fito da ita waje, an rufe da faifai, an ɗora dutsen niƙa a kai. Daga baya na ji dalili. Kwana biyu yaron na rarrafawa wurinta, ana janye shi, har aka gaji aka fitar da ita.

Na yi sallama a bakin ɗaki na durƙusa. Inna na zaune a tabarma, yaron na kwance a cinyarta. Da ba a gaya mani shi ne ba, da sai na yi musu. Idanunsa sun faɗa ciki, rabi a buɗe. Kumatun nan da mutane ke ja sun zube. Bakinsa na motsi, amma murya ba ta fita.

Inna ta ɗago. “Wa yak kira ki?”

“Ba kowa, Inna.”

“To mi yak kawo ki? Garinku ba a san kunya ba?”

Na ce, “Inna, ki yi mani gahwara. Ruwa shika roƙo.”

“Na san abin da shika roƙo. Kurma ce ni? Ruwa shi ka ƙara gudun ciki. In an zuba ta sama, ta ƙasa shika hita. Na ba shi jiƙo, malam ya yi mai tohi. In cikin ya tsaya sai shi sha.”

“Inna, yaushe rabonai da hitsari?”

Ɗaya daga matan da suka biyo ni bakin ƙofa ta ce tun jiya da safe. Inna ta harare ta.

Na matsa da gwiwa na shiga ɗakin, abin da ban taɓa yi ba sai an ce in shigo. Na ce, “Inna, yanzu nih hwaɗi bisa hanya. Wuni guda bai cika ba da nib bar shan ruwa, ni babba, na kasa gane hanyar garin ga. Ki dubi halshenai, don girman Allah ki duba. Irin nawa na ɗazu.”

Muryarta ta sauka ƙasa, ta fi tsawa ban tsoro. “Ɗiya biyu anka ɗauka daga hannuna da wanga ciwo, kahin in haihi mijinki. Ke za ki koya mani shi? Tashi ki hita.”

Ban taɓa jin wannan ba, ko maigida bai taɓa gaya mani yana da yayye ba. Na san in na ƙara kalma guda, watakila auren nan ya ƙare ke nan, a mayar da ni gidan ubana da sunan wadda ta yi wa surukarta tsaurin ido. Na san kuma tana iya zama ita ce da gaskiya. Me na sani? Maganar wata Bafulatana a kan maraƙi, da ɗabi'ar innarmu. Sai yaron ya juyo da kai, ya ga gorar da ke hannuna. Ya ɗaga yatsa guda, bai ma iya miƙe shi ba.

Na ce, “Ɗana na, Inna. Ba ni shi.”

Na ji matan bakin ƙofa sun ja numfashi, wata ta yi salati. Uwa ta ce ɗana ga ɗan fari, a gaban surukarta. Sai Inna ta ɗaga shi ta ajiye a tabarma tsakanina da ita, ta janye hannuwanta.

“Ga shi nan. In kin ba shi yam mutu, ke za ki hwaɗa ma ubanai. Ba ni ba.”

“Na yarda.”

Na fita da gudu. Akwai garwashi a murhu, na hura, na ɗora 'yar tukunya. Na ture dutsen niƙan nan da ban san ina da ƙarfin ɗaga shi ba, na ɗebo ruwa. Da ya tafasa na barbaɗa garin gero kaɗan, ya zama ruwa-ruwa, na sa gishiri na ɗanɗana, na yi ta juyewa daga ƙwarya zuwa ƙwarya don ya huce. Don sauri, rabi na zuba ƙasa. Ba wadda ta taya ni, ba wadda ta hana ni.

Na ɗora kansa a hannuna, na kai bakin ludayi leɓensa. Ya kama ludayin da haƙora kamar zai karya shi. Nan na yi kuskure. Tausayi ya ci ƙarfina, na bar shi ya shanye ludayi guda, na ƙara masa na biyu. Ko ajiye ludayin ban yi ba ya kwararo shi duka a jikina, ya sandare, idonsa ya juye.

Inna ta ce, “Kin gani.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Ɗaya daga matan ta fara kuka, wata ta ce a kira malam.

Na rungume shi ina jin ƙirjinsa na bugawa da sauri-sauri kamar na ɗan tsuntsu. Na rufe ido na shiga tatsar saniya a raina, tun daga wanke hantsa har ƙwarya ta cika ta yi kumfa. Ban taɓa jin lokaci mai tsawon wannan ba. Sannan na tsoma yatsana na ɗiga masa a harshe. Ya haɗiye. Na jira. Na ɗiga. Daga yatsa na koma bakin ludayi, ɗan abin da zai jiƙa maƙoshi, in janye yana bin hannuna da ido. Wajen la'asar cikinsa ya sake gudu, ruwa zalla. Matan suka dubi Inna, Inna ta dubi bango. Na wanke shi, na ci gaba. Abin da ya fita, shi za a mayar. Ita kaɗai ce maganar da ta rage a kaina.

Rana ta sauko, haske ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan tabarma. Ni ban ci komai ba tun safe, ga tafiya, ga faɗuwa. Hannuna ya mutu, ludayi ya soma karkata, ɗakin ya fara juyawa. Sai na ji an zare ludayin daga hannuna. Na zabura zan ƙwace, na ɗauka zubarwa za ta yi. Inna ce ta janye shi ta mayar cinyarta.

“Kamar ƙaƙa kika ba shi?”

“Bakin ludayi, Inna. Ki jira shi haɗe, ki ƙara jira.”

“To. Ke kuma tashi ki sha, kar ki hwaɗi mani nan.”

Na sha, na dawo na jingina da bango ina kallonsu. Hannunta ya fi nawa natsuwa. Ba ta dube ni ba. Ana gab da kiran magariba sai na ga ta tsaya cak, ludayi a sama. Ta dubi cinyarta. Zanenta ya jiƙe, fitsari kaɗan, ja kamar jiƙon kanwa, amma fitsari. Yaron ya buɗe baki ya yi kuka, kuka na gaske mai murya, sai ga hawaye guda ya gangaro ta gefen hancinsa. Matan bakin ƙofa suka ɗauki hamdala. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuskata, kunyar da na ajiye tun azahar ta dawo mani gaba ɗaya.

Kwana uku na yi a gidan. A rana ta biyu ya sha kunu, a ta uku ya zauna yana jan kunnen ɗan akuya. Maigida ya iso a firgice, ya dawo daga Goronyo ya tarar da bukka a saƙale. Kafin ya buɗe baki Inna ta ce, “Ni nik kira ta.” Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Yaron nan shi ne mai gidan da nake zaune yau, gemunsa ya yi fari, shi ke yi wa 'ya'yansa faɗan su riƙa tafiya da ruwa in za su gona.

Ranar da zan koma fadama, da sanyin safiya, Inna ta ce za ta taka mani. Ba a taɓa jin suruka ta raka matar ɗanta ba. Muka fita garin, ita a gaba ni a baya. Da muka kai inda wata 'yar hanya ta ratse zuwa maƙabarta sai ta tsaya. Ba ta dubi wajen ba, ba ta dube ni ba, gabas take kallo.

Ta ce, “Babban ɗiyan nan, kwana huɗu yay yi shina roƙona. Ƙaramar ba ta iya magana ba tukuna, hannuna taka kamawa tana kaiwa bakinta. Uwar mijina ta ce kar in ba su, ni ko ban ba su ba.”

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, “Inna, kwanansu na yaƙ ƙare. Kowa da ranatai.”

“Na sani,” in ji ta. Ta gyara mayafinta, ta juya za ta koma gari. “Amma ruwan na nan cikin ɗaki, yarinya. Kusa da kansu.”